Bututun Hayaƙin da Na Gina Sau Biyu

Kwanakin baya wasu samari, 'ya'yan abokaina, suka tare ni a bakin masallaci bayan sallar Juma'a, suka ce suna so su riƙa bina aiki lokacin hutun makaranta. Ɗaya daga cikinsu ya ce min, rabi da Hausa rabi da Turanci, ya kalli yadda ake gini a waya kuma bai ga abin wahala ba: ka shafa kwaɓi, ka ɗora bulo, ka sake shafawa. Ban yi masa gardama ba, don ni ma haka na ɗauka da nake kamarsa. Na dai ce su zauna in ba su labarin aiki guda ɗaya, in sun ji sai su yanke shawara. Shi ne nake rubutawa a nan saboda waɗanda ba sa wurin.

Sunana Iliyasu, birkila ne ni. A Tudun Wadan Zariya na fara, a hannun kawuna, tun ana ginin ƙasa har aka koma bulon siminti. Da na zo Amurka na zo ne da tunanin babu wanda zai koya min riƙe cokalin gini. Allah ya haɗa ni da wani dattijo baƙar fata a Upper Marlboro, Mista Otis, wanda kakansa ma birkila ne. Ranar farko ya ba ni jan bulo ya ce in ja masa layi uku. Na ja, na koma gefe ina jiran yabo. Ya zo ya ɗora ma'auni a kai, ya tsuguna ya hango ta gefe, sannan ya sa ƙafa ya ture duka. Wata shida na yi ban sake ɗora bulo ba, aikina kwaɓi da tura baro da wanke kayan aiki.

A wannan wata shidan na san kwaɓi. Wanda muka saba da shi a gida siminti ne da yashi, in ya yi ƙarfi an gama magana. Mista Otis yana zuba farar ƙasa a nasa, kuma kowane gini da irin awon da yake yi masa. Yakan sa ni in ɗebo a cokali in juya shi ƙasa. In ya zube nan take ruwa ya yi yawa, in ya maƙale ya ƙi sauka ya bushe. Yakan ce tsohon bulo ba ya son kwaɓi mai tauri, sabon kwaɓi kuma ba ya gyara ruɓaɓɓen da ke ƙarƙashinsa. Kayan aikinsa ba su da yawa: cokali biyu, guduma mai baki, kurfin fasa bulo, igiya, ma'auni mai ruwa a ciki, sai wani ɗan siririn ƙarfe da yake cakawa tsakanin bulo don ya ji ko kwaɓin yana da sauran rai. Kafin ya taɓa kowane aiki sai ya zagaya gidan, ya shiga ƙasansa, ya hau cikin silin da tocila. Wani lokacin mai gida har ya ƙosa.

A wannan yankin da katako ake haɗa jikin gida, bulo sai dai a yi masa riga da shi. Abin da ake ginawa da jan bulo zalla, tun daga ƙasa har ya zarce rufi, shi ne bututun hayaƙi, wanda ke fitar da hayaƙin murhun falo da na injin ɗumama gida. Shi ya fi komai tsawo, shi ya fi komai nauyi, shi kuma ke shan ruwa da ƙanƙara da rana. Rabin abincin birkila a nan daga gyaransa yake fitowa. Mista Otis ya koya min cewa ba a barinsa ya tsaya shi kaɗai, ana ɗaure shi da jikin gidan da maɗaurin ƙarfe a inda ya ratsa bene da inda ya ratsa rufi. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan, tunda bulo nauyinsa ke riƙe shi. Ya ce nauyi yana riƙe abu ne muddin ba a tura shi ta gefe ba.

Shekarar da gine-gine suka tsaya cak, wato 2009, ita ce shekarar da gwiwoyin Mista Otis suka hana shi hawa tsani, ya bar min motar aiki da mutanen da yake yi wa gyara. Sai dai mutanen ma sun daina kira. Nakan yi mako uku ban kwaɓa ko kwano ɗaya ba. Na yanke ciyawa, na kwashe ganye, na yi fenti, abin da duk ya samu. Ana cikin haka, da sanyi ya fara shigowa, aiki biyu suka zo min a mako guda. Ɗaya babba ne, katangar wani gida a Mitchellville, mai shi ya ce in ban fara ranar Alhamis ba zai ba wani. Ɗayan kuma bututun hayaƙin gidan Alhaji Mamman ne a Bowie.

Alhaji Mamman mutumin Maraɗi ne, yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo, mun san juna a masallaci. Kan bututunsa ya zaizaye, ruwa na shiga falo. Na hau na duba, na ce za a rushe daga rufi zuwa sama a sake. Da na rushe na iso daidai rufin, sai na caka ƙarfen nan a layin da ke ƙasa, ya shige kamar cikin gari. Na leƙa cikin silin da tocila, na ga layi kusan goma duk haka suke, kuma babu maɗauri ko ɗaya. Gyaran gaskiya shi ne in ci gaba da rushewa har in sami wuri mai rai, in sa ƙarfe, in taso. Wannan kwana huɗu ne ko biyar. Ni kuma kwana biyu gare ni. Na share ƙurar, na zuba kwaɓi mai siminti da yawa don ya kama da wuri, na ɗora sabon gini a kan ruɓaɓɓe, na yi masa hula mai kauri ta kankare. Daga ƙasa kyakkyawa ne ƙwarai. Alhaji ya yaba, har ya riƙa tura min mutane. Ban gaya masa abin da na gani a cikin silin ba.

Kusan shekara biyu bayan haka, ranar wata Talata cikin watan Agustan 2011, muna goman ƙarshe na azumi, ina kan dandamalin ƙarfe a wani gida a Upper Marlboro ina gyaran bango. Na idar da azahar ke nan na koma sama. Sai na ji ƙafafuna suna rawa. Abin da ya fara zo min shi ne jiri ne na azumi, don ranar akwai zafi, sai na dafa bango. Bangon ma yana motsi. Na duba bokitin ruwa na ga yana fantsama, igiyar da na ja tana kaɗawa, bulon da na jera a gefe suna karo da junansu. Akwai wani rugugi daga ƙasa kamar babbar mota tana wucewa ta ƙarƙashin gidan. Na zauna a kan katako na rungume ƙarfe ina salati. Bai kai minti ɗaya ba ya tsaya. Da na sauko na tarar da mutanen layin duk sun fito waje, kowa da waya a hannu, kira ba ya shiga. Wata tsohuwa ce ta fara cewa girgizar ƙasa ce, aka yi mata dariya, don babu wanda ya taɓa jin an yi ta a nan.

A hanyar komawa gida na fara ganin abin da ta yi. Gidajen katako suna tsaye lafiya lau, amma a kan ciyawar gida bayan gida akwai jan bulo a warwatse. Wani bututun ya karye ya kwanta a kan rufi, wani ya faɗo kan mota. A labarai aka nuna manyan gine-ginen dutse na cikin Washington sun tsattsage, wasu duwatsun ado sun faɗo daga sama, an rufe makarantu don a duba su, wasu gidajen haya an kwashe mutane. Allah ya taƙaita, ban ji an rasa rai a yankinmu ba. Kafin magariba wayata ta fara ƙara, ba ta kuma huta ba.

Washegari na yi aiki tare da wata injiniyar gini, Zainabu, 'yar wani dattijo mutumin Kumasi, wadda aka haifa a nan. Ina yi mata Hausa tana amsa min da Turanci. Tsakanin gida da gida na tambaye ta yadda abin yake faruwa, ta yi min bayani a kan murfin mota. Ta ce can ƙarƙashin ƙasar da muke takawa dutse ne shimfiɗe, kuma dutsen yana da tsofaffin tsaga. Ɓangarorin suna danne da juna, matsi yana taruwa a hankali tsawon zamanin da ba a iya ƙirgawa, har ranar da wurin ya kasa ɗauka ya zame lokaci guda. Zamewar ita ke aiko da rawa ta cikin dutsen. Ta ce in tuna yadda in an bugi rodi a wannan bakin, wanda ya riƙe wancan bakin yake ji a hannunsa. Wannan karon can cikin Virginia dutsen ya zame, nesa da mu, amma dutsen gabashin ƙasar nan tsoho ne mai tauri, shi ya sa rawar ta yi tafiya mai nisa ba ta mutu ba. Ta ce inda ƙasa take da laushi, kamar bakin kogi ko wurin da aka cike, nan rawar take ƙaruwa.

Sai ta zo kan abin da ya shafe ni. Ta ce girgiza gefe da gefe take kaɗa gini. Katako yana lanƙwasawa ya dawo, bulo ba ya lanƙwasawa. Gida yana rawa da tafiyarsa, bututu yana rawa da tasa, sai su yi ta karo a daidai rufi, a nan yake karyewa. Wanda ya fi ba ta tsoro ba wanda ya faɗi ba ne, wanda ya karye ya ci gaba da zama a wurinsa ne, musamman in samansa ya fi ƙasansa nauyi. Irinsa ƙaramar girgizar da ke biyo baya ko iska mai ƙarfi ta ishe shi. Ko bai faɗi ba, hayaƙin injin ɗumama gida yana iya bi ta tsagar ya shiga ɗakunan kwana, kuma ba a ganinsa ba a jin warinsa. Tana magana ina ganin layin nan goma na cikin silin Alhaji Mamman. A rediyon motar kuma ana ta sanarwa cewa guguwa mai ruwa tana tahowa daga teku, za ta iso mu ranar Asabar.

Alhaji bai kira ni ba, don shi a ganinsa gidansa lafiya. Ranar Alhamis da la'asar na je ba tare da an gayyace ni ba. Na tarar da mahaifiyarsa, Hajiya Gambo, wadda ta zo daga Maraɗi yin azumi wurinsu, zaune a kan darduma a barandar katako ta bayan gida, carbi a hannu. Nan take wuni, don sanyin na'urar cikin gida yana sa mata ciwon ƙafa, kuma nan suke shan ruwa duk gidan. Na gaishe ta na ɗaga kai. Bututun yana daidai saman kanta. Daga ƙasa ba ka ganin komai, hular kankaren nan tana zaune daram.

Na nemi izini na hau cikin silin. Ban ma buƙaci tocila ba, domin hasken rana yana shigowa ta tsagar. Ta zagaye bututun gaba ɗaya, daidai inda sabon ginina ya hau tsohon. Saman ya juya kamar faɗin yatsa biyu, ruɓaɓɓen kwaɓin ya zube ya tara gari a kan katako. Na sa tafin hannu na ɗan tura, na ji ya amsa. Na janye hannuna a hankali na sauko.

Na sami Alhaji a falo na ce masa dole a sauke bututun gobe, kuma daga yanzu kada kowa ya zauna a baranda. Ya fita ya duba, ya dawo ya ce shi bai ga komai ba. Ya ce sallah saura kwana kaɗan, ya gayyaci mutane cin abinci a bayan gidan, ba ya son a mayar masa da gida kango, a bari bayan sallah. Ya ƙara da cewa ai ni na gina shi, kuma ya san aikina, in na wasu sun faɗi nawa ba zai faɗi ba. Na ga in ban faɗi gaskiya ba ba zai yarda ba.

Na ce, "Alhaji, saboda ni na gina shi na zo. Ranar da na yi aikin nan na ga ƙasansa ya ruɓe, na ɗora a kai haka nan don ina saurin zuwa wani aikin, ban gaya maka ba. Girgiza ta karya shi a inda na bar masa rauni."

Yana da damar ya kore ni, ya kira wani, ya kuma faɗa a masallaci, kuma a sana'ar da mutum ke ci da shaidar jama'a wannan ya isa ya rufe ni. Ya tashi ya ce in nuna masa. Muka hau tare, da jallabiyarsa, ya ga hasken da idonsa. Da muka sauko ya wuce baranda ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya roƙe ta ta koma ciki. Ta ce ita ba ta ga dalili ba, wanda ya tsare ta ranar Talata yana nan. Ya ce haka ne, Inna, kuma shi ne ya turo mana wannan bawan nasa. Ya naɗe dardumar da kansa. Sannan ya juyo ya tambaye ni ƙarfe nawa za mu fara.

Duk birkilan da na sani yana kan wani rufin a ranar, babu wanda zan samu. Na kira Mista Otis na gaya masa komai, har da abin da na yi. Ya ce in zo in ɗauke shi da safe. Ranar Juma'a da hantsi yana zaune a kujera a tsakiyar ciyawa da sandarsa, yana hango sama. Shi ya hana ni fara taɓa hular. Ya sa na kafa dandamali ta ɓangarori biyu, na ɗaure bututun da katako da igiyar ƙarfe ta kowace fuska, na shimfiɗa falanki a kan rufi da baranda, sannan ya ce in fasa kankaren kaɗan kaɗan daga tsakiya, kada in buga ta gefe. Alhaji ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya tsaya a ƙasa yana karɓar bokiti da igiya. Mutumin da aikinsa magana a gaban makirfo, kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, bai ce a tsaya ba.

Simintina ya yi abin da na sa shi, ya kama kamar dutse, kowane bulo sai da kurfi da guduma. Kuma duk bugu ɗaya sai na ji ginin gaba ɗaya ya motsa a ƙarƙashina. Mista Otis yana ganin motsin daga ƙasa kafin ni in ji, sai ya ɗaga sanda, in dakata, in ƙara ɗauri. Muka sauka muka je Juma'a muka dawo. Ga azumi, ga zafin da ke zuwa kafin hadari, harshena ya bushe har ba na iya amsa kira sai da hannu. Da na iso tsagar, layin ƙarshe ban sa kurfi ba, da hannu na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kamar ana kwashe kwanuka. Na ci gaba har cikin silin, sai da ƙarfen cakawa ya ƙi shiga. Muka rufe ramin da katako da tamfol, muka buga ƙusa. Ana kiran magariba ina kan tsani.

A falo muka sha ruwa, har da Mista Otis, wanda Hajiya ta sa aka zuba masa kunu ya shanye ya nemi ƙari. Da zan mayar da shi gida ya ɗauki wani guntun tsohon kwaɓin ya murtsuke shi da yatsu ya zube. Ya ce a shekarunsa ya ga birkiloli da yawa da suka rufe irin wannan, shi ma ya taɓa, amma kaɗan ne suke komawa su hau silin. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma maganar gwiwarsa.

Asabar da yamma ruwa da iska suka sauko, ba su lafa ba sai wayewar Lahadi. Bishiyoyi sun faɗi, wuta ta ɗauke a unguwanni da yawa. A layin da ke bayan na Alhaji wani bututun da girgiza ta karya ya faɗo ya ratsa rufin gareji. Tamfol ɗinmu ya riƙe, ɗigo kaɗan ne ya shiga. Aka yi sallah, baƙin Alhaji suka ci abinci a baranda, ga tulin bulo a gefe an lulluɓe. Wanda duk ya tambaya sai ya ce girgiza ce ta karya shi, Malam Iliyasu ya gano. Bai ƙara ko kalma ba, a ranar ko bayanta. Ni ne daga baya na riƙa faɗa da bakina, don na ga in na ɓoye sau ɗaya zan iya sakewa.

Bayan sallah na sake gina shi, kwana shida. Zainabu ta zana min inda maɗauri za su shiga, ta ce a rage tsawon da bai zama dole ba, a yi hula marar nauyi. Na sa rodi a kusurwoyi huɗu, na sa sabuwar hanyar hayaƙi a ciki, na yi kwaɓi irin na Mista Otis. Kafin in rufe silin na kira Alhaji ya hau ya gani, kuma tun daga ranar ba na rufe wani aiki sai mai gida ya leƙa abin da zai ɓuya. A wannan kakar na gyara bututu fiye da yadda na gyara a shekara uku kafinta, na kuma bi duk gidajen da na taɓa yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya na duba. Na gode wa Allah da ya sa girgizar ta zo da sauƙi, ta tsaya inda ta tsaya, ya kuma ba ni kwana uku tsakaninta da iska.

Ranar da na kwance dandamali ina loda mota, Hajiya Gambo ta fito da dardumarta a hammata. Takan kira ni maso, yadda mutanen Nijar ke kiran birkila. Ta tsaya a bakin ƙofar baranda ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon bututun.

Ta ce, "Maso, uwarka na da rai?"

Na ce, "Tana nan a Zariya, Hajiya."

"Da ita ce, ka bar ta ta zamna nan?"

Na ce, "Zan bar ta."

Ta shimfiɗa dardumar a inda ta saba, ta zauna, ta ciro carbinta. Ni kuma na ɗaure tsani na wuce gida na gaba.